Daga Allon Aji Zuwa Allon Bango: Tarihin Zaɓen Akwatin Talabijin a Garin Gaya

Gabatarwa

Magidancin da ya tara ƴan kuɗinsa a garin Gaya, ya shiga shagon kayan lantarki da nufin sayen akwatin talabijin irin na bango, abin da zai fara cin karo da shi shi ne jerin alluna rataye, kowane da lambarsa: inci 24, inci 32, inci 43, har zuwa 55. Mai shago zai sanya masa hoton furanni ko na tsuntsaye mai ɗaukar ido, ya ce masa: “Malam, dubi wannan, tangaran yake.” Shi kuwa mai saye sai ya ɗauka cewa zaɓin da ke gabansa bai wuce na girman allo da sunan kamfani ba. Alhali kuwa tun kafin allo ya sirance ya hau bango, mutanen bakin iyaka suna da tambayoyin da suka gada game da wannan akwati: me yake kamawa, wace wuta yake ci, ta wace hanya ya iso, kuma su wa za su zauna a gabansa? Hausawa kan ce waiwaye adon tafiya. Wannan maƙala za ta bi sawun waɗannan tambayoyi tun daga tushensu, domin a ga yadda tarihin gari guda yake iya zama jagora ga mai saye a yau.

Gari a mahaɗar ƙasa uku

Gaya tana ƙasar Dandi, a kudancin jihar Doso, kimanin kilomita 300 daga Yamai, a gaɓar kogin Isa wanda ake kuma kira Kwara. Tana daga cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a duk Jamhuriyar Nijar. A ƙetaren kogi akwai Malanbil ta Jamhuriyar Benin, daga gabas kuma akwai Kamba ta jihar Kabi a Nijeriya. A kasuwarta ana jin Dandanci da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci, ana kuma lissafi da sefa da naira a zama guda.

Abin da ya sauya matsayin garin shi ne gadar da aka buɗe tsakaninsa da Malanbil a 1958. Layin dogo da ya taso daga Kwatano ya tsaya ne a Faraku tun 1936, saboda haka kayan da aka sauke daga jirgin ruwa sai su hau jirgin ƙasa zuwa Faraku, daga nan manyan motoci su ɗauka zuwa Malanbil, su haye gada, su bi ta Gaya da Doso zuwa Yamai. Ta haka Gaya ta zama babbar ƙofar shigar kaya cikin ƙasar da ba ta da teku. Daga baya manyan sito-sito suka tashi a garin, inda ake jibge gwanjo da yadi da sauran kayan da za su ƙarasa kasuwannin Nijeriya. Masanin labarin ƙasa Olivier Walther ya yi nazari mai zurfi a kan fataken Gaya da Malanbil da Kamba, inda ya nuna cewa kasuwannin nan uku suna rayuwa ne da bambancin doka da kuɗi da farashi da ke tsakanin ƙasashensu. Akwatin talabijin ma haja ce daga cikin hajojin wannan hanya, kuma duk abin da ya sami hanyar yakan same shi.

Akwatin da ya shigo a matsayin malami

A Nijeriya talabijin ya fara ne a Ibadan ranar 31 ga Oktoba 1959, a zamanin gwamnatin Obafemi Awolowo ta Jihar Yamma, sannan Kaduna ta buɗe nata a 1962. A Nijar kuwa labarin ya ɗauki wani salo daban, wanda ya kamata kowane malami ya sani: akwatin bai fara shiga falon attajiri ba, aji ya fara shiga.

A 1964, zamanin Shugaba Diori Hamani, aka soma gwajin talabijin na makaranta a Yamai da taimakon Faransa. Dalilin a fili yake: ƙasa ce mai faɗi, yaran da ke makaranta kaɗan ne ƙwarai, ƙwararrun malamai kuma sun fi su ƙaranci. Zuwa 1966 shirin ya kai aji wajen 20 a kewayen Yamai, da ɗalibai kimanin 800. Ana watso gajerun darussa da Faransanci sau da yawa a wuni, a kowane aji kuma akwai mai kula, wanda karatunsa bai yi nisa ba amma aka yi masa ɗan horo, shi ne ke maimaita darasi da yara bayan an kashe akwati. Shirin ya yi suna a duniya, Kodebuwa ma ta buɗe irinsa a 1971.

Sai dai tun a wancan lokaci tambayar wuta ta taso, domin ƙauyukan ba su da lantarki. An yi amfani da batir, kuma tun ƙarshen shekarun 1960 aka gwada kunna akwatin aji da farantin hasken rana, a ƙasar da ta kafa ofishin binciken makamashin rana a 1965, wanda Farfesa Abdu Mumuni ya jagoranta shekaru masu yawa. Ashe ke nan haɗa talabijin da sola, wanda ake gani kamar sabon yayi, a Nijar ya ba rabin ƙarni baya. An tsayar da shirin makarantar a ƙarshen shekarun 1970, amma ya bar darasi guda: akwati shi kaɗai ba ya koyarwa, sai da babba a gefensa.

Daga dandalin Samariya zuwa falo

Kayan aiki da ma'aikatan wancan shiri su ne suka zama harsashin gidan talabijin na ƙasa, Télé Sahel, wanda ya kankama a 1979 ƙarƙashin hukumar ORTN, a zamanin Seyni Kunce, lokacin da kuɗin yuraniyom ke shigowa. Tun da yake mutane ƙalilan ne ke iya sayen akwati, sai gwamnati ta rarraba akwatunan kallon taro a garuruwa da ƙauyuka, da dama daga cikinsu masu aiki da hasken rana, ta damƙa kulawarsu ga ƙungiyoyin Samariya. Da almuru jama'a kan hallara a dandali, a kalli labarai cikin harsunan ƙasa, da wasan kwaikwayo irin na su Yazi Dogo, da kokowar takobin ƙasa wadda aka fara a Tawa a 1975. Allon bai fi faɗin tire ba, amma mutanen da ke gabansa sukan cika fili.

Da akwati ya soma shiga gidajen ma'aikata da fatake, sai wata matsala ta ɓullo, wadda mutumin Yamai bai damu da ita kamar mutumin bakin iyaka ba. A Turai an yi gasar tsari biyu na talabijin mai launi, dukansu sun fara aiki a 1967: SECAM na Faransa, da PAL wanda aka ƙirƙira a Jamus ta Yamma, Ingila kuma ta rungume shi. Nijar da Benin suka bi tsarin Faransa, Nijeriya ta bi PAL. Wato iyakar da Turawa suka shata a ƙasa sai ga ta ta sake bayyana a cikin iska. Akwatin da aka ƙera don tsari ɗaya, in aka ba shi na ɗayan, launi sai ya ɓace ya koma baƙi da fari, sau da yawa murya ma ta ƙi fita. Ga mutumin da surukansa ke Kamba, kasuwarsa ke Malanbil, harajinsa ke zuwa Doso, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa akwati mai karɓar tsari da yawa ya zama abin nema a garuruwan iyaka, kuma tambayar “Alhaji, yana kama ko'ina?” ta riga tambayar farashi. Hatta kan filogi yana faɗin asalin kaya: mai ƙafa biyu zagayayyu na ɓangaren Faransa ne, mai ƙafa uku masu kusurwa kuwa ta Nijeriya ya biyo.

Zamanin kaset da faranti

Shekarun 1990 sun zo da abubuwa biyu. Na farko, a watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada, mutane da yawa suka koma ga akwatunan hannu da ke shigowa daga Turai ta Kwatano. Na biyu, finafinan Hausa na bidiyo suka taso daga Kano, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Kaset ba ya neman izinin gidan talabijin ko na gwamnati; a aljihun fasinja yake ƙetare iyaka. Ga shi kuma a tsarin PAL ake naɗarsa, don haka mai akwatin SECAM zalla ya sake tsintar kansa a baya. Bayan kaset sai faifan sidi ya zo, ya fi arha, ya fi sauƙin kwafa.

A nan ne ikon zaɓen abin kallo ya fita daga hannun hukuma ya koma hannun gida. Farantin tauraron ɗan'adam ya ƙarasa aikin: tashoshin Larabawa, da na Faransa, da wasannin ƙwallon Turai, da wa'azi, har zuwa tashar Arewa24 da ta fara watsa shirye-shiryen Hausa a 2014. Dandalin Samariya ya watse, gidan kallo na biya ya maye gurbinsa ga samari, mata da yara kuma suka koma tsakar gida. Taron ya ragu, amma bai mutu ba: har yanzu a gidan Bahaushe ko Badande, akwati guda na kowa ne, har da ƴaƴan maƙwabta.

Allo ya hau bango

A ƙarshen 2007 cinikin allunan LCD ya zarce na tsofaffin akwatuna masu doro a kasuwar duniya. Nau'in da ake kira plasma, wanda sunansa ya bi bakin mutane har ya zama sunan duk wani talabijin na bango, manyan kamfanoni irin su Panasonic da Samsung da LG sun daina ƙera shi tun wajen 2014. Abin da ke cike da shaguna yanzu LCD ne mai fitilun LED a bayansa, ko da mai shago ya kira shi plasma.

To, mene ne ainihin wannan HD da ake liƙawa a kwali? Hoton allo tarin ƙananan ɗigo ne. Tsohon tsari, in aka auna shi da ma'aunin dijital, ɗigo 720 ne a kwance da 576 a tsaye. Ƙaramin HD, wanda ya fi yawa a allunan inci 32, yakan zo da 1366 da 768, wato ɗigo miliyan ɗaya da ƴan kai. Cikakken HD kuwa 1920 ne da 1080, sama da miliyan biyu. Na 4K ya ninka wannan sau huɗu. Amma ga inda gizo ke saƙa: allo ba ya ƙirƙiro abin da ba a ba shi ba. Hoton faifan sidi na bidiyo, irin wanda aka adana ɗimbin finafinan Kano a kansa, ɗigo 352 ne da 288 kacal. In aka shimfiɗa shi a allon inci 55, sai ya dusashe kamar zanen da ruwa ya taɓa, in kuma ba a gyara saiti ba, fuskoki su baje, domin tsohon hoto mai siffar 4:3 ne, sabon allo kuwa 16:9. Haka nan yawancin tashoshin kyauta da faranti ke kamowa sun daɗe suna watsawa a tsohon ma'auni. Hoton furannin da mai shago ya nuna daga filashi ya fito. Ba shi ne za a kalla a gida ba.

Ita ma tsohuwar rigimar SECAM da PAL zamani ya raba ta. Yarjejeniyar Janeba ta 2006 ta sanya 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adin komawa watsa shirye-shirye ta dijital, kuma ƙasashen Afirka ta Yamma suka amince da tsari guda, DVB-T2. Wa'adin ya wuce galibinsu ba su kammala ba. Nijeriya, alal misali, sai a 2016 ta fara gwaji a Jos. Duk da haka tambayar kakanni ba ta mutu ba, riga kawai ta sauya. Mai saye a yau sai ya duba ko akwatin yana ɗauke da DVB-T2 na eriya da DVB-S2 na faranti a cikinsa, domin akwatin hannu da aka ƙera wa wata nahiya yana iya zama allo kawai, sai an haɗa masa dikoda.

Shekarar da wuta da gada suka tsaya tare

Tun 1976 layin wuta daga Birnin Kabi ke ciyar da Yamai da lantarkin madatsar Kainji, kuma kafin 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Nijeriya take zuwa. Mutanen iyaka sun saba da rufewa da buɗewa: Nijeriya ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Amma abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya sha bamban, domin hanyoyi biyu ne suka toshe lokaci guda. Takunkumin ƙungiyar ECOWAS ya rufe gadar Malanbil, manyan motoci suka yi jerin gwano a ƙetare, Nijeriya kuma ta yanke wuta a watan Agusta. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, wuta ta dawo a Maris, amma Nijar ta ci gaba da rufe nata gefen gadar a wannan shekara, mutane da kaya suka koma ga kwalekwale kamar zamanin da ba a yi gada ba.

Waɗannan watanni sun koya wa masu akwati darasin da babu mai shagon da zai koyar. Allon inci 32 mai LED yakan ci tsakanin wat 30 zuwa 50. Na inci 55 kuwa yakan kusanci 100 ko ya haura. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, in ana so ya yi ƙarko, rabin cajinsa ake ci, wato kimanin wat 600 na awa guda. A lissafi, zai riƙe ƙaramin allo mai cin wat 40 har awa 15, babban kuwa da ƙyar ya kai awa 6, kafin a cire abin da na'urar juya wuta ke cinyewa, ba a kuma yi maganar fanka da ƙwan fitila ba. A daren da gari ya yi duhu, babban allo ado ne a bango, matsakaici kuwa yana ba da labari.

Abin da tarihi ya hore wa mai saye

Idan aka tattara waɗannan darussa, za a ga cewa matsakaicin allo, tsakanin inci 32 da 43, ba zaɓin marar hali ba ne. Daidai ruwa ne daidai tsaki. Inci 32 santimita 81 ne daga kusurwa zuwa kusurwa, inci 43 kuma 109. A ɗakin da ake zama nesa da allo da mita biyu da rabi zuwa uku, ido ba ya rarrabe ƙaramin HD da cikakke a allon inci 32, don haka biyan ƙarin kuɗi a kansa asara ce. Daga inci 40 zuwa sama ne cikakken HD ke nuna amfaninsa. Shi kuwa 4K a irin wannan girma, matuƙar abin da ke shigowa gidan bai kai ma'auninsa ba, suna ne kawai aka saya.

Tun da kallon gida kallon taro ne, wasu a kujera, wasu a tabarma, ya kamata mai saye ya koma gefe ya duba allon, ya kuma durƙusa ya dube shi daga ƙasa, domin wasu alluna launinsu kan koɗe da zarar an kauce daga tsakiya. Ya saurari murya, kasancewar siririn jiki ba ya ɗaukar babbar lasifika, tsakar gida kuma ba falo ba ce. Ya karanta takardar da ke bayan akwatin ya ga wat nawa yake ci, da ko yana jure wuta daga bolt 100 zuwa 240. In gidan sola ne, akwai masu aiki kai tsaye da bolt 12. Ya tabbatar akwai mashigar HDMI aƙalla biyu, da ta filashi, da tsohuwar mashiga mai launin rawaya da fari da ja, domin kada faifan da aka tara shekara da shekaru su zama marayu. A gari mai yawan hadari irin Gaya, cire wayar eriya da filogi in ana tsawa ya fi kowace takardar garanti.

Sai maganar gyara, wadda ta fi kowace alaƙa da hanya. Tsohon akwati mai doro, mai gyaran rediyo na bakin kasuwa kan farfaɗo da shi da dalma da ƙarfen narkarwa. Na bango kuwa, in fitilun baya ko allon wutarsa suka ƙone, ana iya canzawa muddin kayan na samuwa. In gilashin ya fashe, kuɗin gyara kan kusanci na sabo. Garantin da ke shagon ƙetaren gada, ranar da gada ta rufe, takarda ce kawai. Saboda haka mai hankali yakan fara zuwa wurin mai gyara kafin ya je wurin mai sayarwa, ya tambaye shi irin da kayansa ke kusa. Araha dai ba ta ado, kuma kama da wane ba ta wane, domin kasuwa ba ta rasa jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni.

Kammalawa

Daga ajin 1964 zuwa bangon falon yau, akwatin talabijin ya rage kauri, ya ƙara haske, ya kuma ƙetare iyakokin da a da suke dusashe masa launi. Tambayoyi uku na farko, na kamawa da na wuta da na hanya, mai shago da mai gyara suna iya taimakawa wajen amsa su. Ta huɗu kuwa babu mai amsa ta sai mai gida da uwargida. Yaron da ya yini a gaban allon aji, da dare gaban wannan allo zai zauna, kuma harshen da zai ji, da tufar da zai gani, da irin gaisuwar da zai koya, duk daga nan za su fito. Waɗanda suka kawo akwati Nijar tun farko ba su bar shi shi kaɗai da yara ba; sun ajiye babba a gefensa. Allon da bai fi ƙarfin wutar gida ba, wanda aka rataya a inda kowa ke zama ba a ƙuryar ɗaki ba, shi ne ya fi kusa da wannan tsohuwar hikima.